Haƙƙin Wanda Bai Iso Ba: Tarihin Rabon Wuta Lokacin Tashin Na'ura

A tsakanin lokacin da mutum zai danna maɓallin wayarsa da lokacin da fuskarta za ta gama haskakawa ta soma karɓar umarni, akwai 'yan daƙiƙoƙi waɗanda galibin jama'a ba su ɗauke su a bakin komai ba, alhali kuwa a cikinsu ne ake gudanar da wani sha'ani mai wuyar gaske, wanda masana suka shafe shekaru goma sha biyar da ɗoriya suna kai da komowa a kansa ba tare da sun cim ma hukuncin da ya gamsar da kowa ba. Sha'anin kuwa shi ne rabon wutar lantarki tsakanin sassan na'ura, musamman inda sassa biyu suka yi tarayya a kan layi guda, ɗaya ya riga ya farka yana neman a rage wutar ko a ɗauke ta, ɗaya kuwa yana tsakiyar aiki da ita amma bai sami bakin magana ba tukuna. Tun da yake duk wayar Android, ko a Kano aka saye ta ko a Damagaram, bisa Linux take tsaye, wato ƙwayar manhajar nan da ke tsakanin ƙarfen na'ura da abin da mutum ke gani, ya cancanci a bi tarihin wannan mas'ala daki-daki.

Farkon abin da ya wajaba a sani shi ne, batir ba ya ba da wuta a kan ma'auni guda. Idan ya cika yakan kai bolt 4.2 ko ya ɗan zarce, sa'an nan ya yi ta sauka har ya kusanci bolt 3. Sassan da ke cikin na'urar kuwa kowanne da gwargwadon da aka ƙaddara masa, wanda idan an haura shi sashen ya ƙone, idan an gaza masa ya rikice. Katin ajiya yana son bolt 3.3, layukan da aisi, wato ɗan guntun lantarkin da ake liƙawa a allon na'ura, ke magana da ɗan'uwansa ta kansu galibi bolt 1.8 ne, shi kuwa furosesa yana aiki ne a wajen bolt 1 ko ƙasa da haka. Abin da ke karɓar wuta mai hawa da sauka ya mayar da ita tsayayya shi ne regileta, kuma akan tara goma ko ashirin ko fiye a cikin aisi guda, wanda masu gyaran waya ke kira aisin wuta. Duk da wannan yawa, sassan da ke shan wuta sun fi regiletocin adadi, domin kowace regileta tana cin kuɗi tana kuma cin wuri a kan allon na'ura. Saboda haka injiniyan da ke zana allon yakan ɗaura sassa da dama a kan regileta ɗaya matuƙar bukatunsu sun yi kusa da juna. Daga wannan tattali, wanda babu laifi a cikinsa, mas'alar ta samo asali.

Da a ce ana kunna regiletocin ne a bar su a kan hali guda, da babu ruwan manhaja a ciki. Abin da ya hana haka wata ƙa'ida ce ta ilmin lantarki, cewa abin da furosesa ke ci wajen aikinsa yana tafiya ne da murabba'in ƙarfin wutar da aka ba shi, ta yadda idan aka sauko daga bolt 1.2 zuwa bolt 0.9, abin da kowane lissafi ke ci zai ragu da kusan kashi 44 cikin ɗari. Sai dai ribar tana da sharaɗi: wajibi ne a ɗaga wuta kafin a ƙara sauri, wajibi ne kuma a rage sauri kafin a sauke wuta, kuma duk wanda ya saɓa wannan tartibi, ko da na ƙiftawar ido ne, na'urar za ta sandare a hannunsa ba tare da ta faɗi dalili ba. Tun da manhaja ce kaɗai ta san lokacin da aiki ya yi yawa, dole ragamar ta koma hannunta.

Sa'ad da Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a birnin Helsinki cikin 1991, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a gabansa, domin furosesan 386 da ke cikin kwamfutarsa bolt 5 yake sha daga akwatin da ke jone da bango. Ko da bukatar tattalin batir ta taso, masu riƙe da kasuwar kwamfuta sun zaɓi su ɓoye sha'anin a cikin manhajar da ake dasawa a jikin allo tun daga masana'anta: Intel da Microsoft suka fito da APM a 1992, sa'an nan su biyun tare da Toshiba suka kawo ACPI a ƙarshen 1996. A ƙarƙashinsu Linux yana neman a sa sashe barci ko a tashe shi ne kawai, wace regileta za a taɓa kuwa sirrin mai ƙera allo ne.

Ƙananan na'urori masu furosesan Arm ba su bi wannan tafarki ba. A can babu wata manhaja a ƙarƙashi da za ta ɗauke wa Linux nauyin, kowane allo da irin zanensa, kuma kamfanoni sukan cusa umarnin kunna wuta a cikin direban sashen kansa, wato matanin da ke koya wa Linux yadda zai yi mu'amala da wannan sashe. Sakamakon haka direban da aka rubuta domin allo guda ba ya aiki a kan wani, ko da sashen iri ɗaya ne. Idan kuwa direbobi biyu suka yi tarayya a kan layi, babu mai shiga tsakani, wanda ya zo ƙarshe shi ne maganarsa ke tsayawa. Gyaran wannan hali ya fito ne daga birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, daga kamfanin Wolfson Microelectronics, wanda ya yi suna wajen ƙera aisin sauti, har da na cikin iPod na farko-farko, sa'an nan ya shiga ƙera aisin wuta irin su WM8350, yana sayar wa masu alluna iri-iri. Injiniyansa Liam Girdwood ya rubuta tsari na bai ɗaya domin regiletoci, aka shigar da shi cikin Linux a siga ta 2.6.27 wadda ta fito a watan Oktoba na 2008, watan da aka fara sayar da wayar Android ta farko a Amurka. Abokin aikinsa Mark Brown ya kama masa, kuma shi ne ya ci gaba da riƙon wannan sashe shekara da shekaru, har bayan da Cirrus Logic ya saye Wolfson a 2014.

Hikimar tsarin tana cikin yadda ya raba haƙƙoƙi. Direban regileta ya san yadda ake kunna ta da juya ƙarfinta, amma ba ruwansa da wanda ke sha. Direban sashen da ke shan wuta yana neman layinsa da suna, ya ce a kunna, ya ce ya saki, ya faɗi mafi ƙarancin ƙarfin da zai iya aiki da shi da mafi yawan da zai iya jurewa, ba tare da ya san daga wane aisi wutar ke zuwa ba. Bayanin allo kuma, wanda mai ƙera na'ura ke rubutawa, shi ke kafa iyakokin da babu mai tsallake su, har ma duk abin da bai halatta a fili ba Linux ba ya taɓa shi. A tsakiyarsu aka zaunar da mai ƙidaya: duk wanda ya nemi a kunna sai a ƙara ɗaya, duk wanda ya saki sai a rage ɗaya, ba a ɗauke wuta sai ƙidayar ta koma sifili, game da ƙarfi kuma, yana duba bukatun waɗanda suka yi magana, ya nemi tazarar da ta dace da kowa, ya zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinta. Idan kowa ya hallara, wannan hukunci ne na adalci wanda ban ga abin da za a ƙara masa ba.

Amma ba a hallara a lokaci guda, kuma Linux ba shi ne farkon mai shiga na'ura ba. Kafin a kai gare shi akwai manhajar tayarwa, irin su U-Boot wadda ta sami wannan suna a 2002, ita ce ke fara kunna layukan wuta, ta shirya ma'ajiyar aiki, ta karanto Linux daga inda yake ajiye, sau da yawa ma ta kunna sikirin ta nuna tambarin kamfani. Saboda haka Linux yakan tarar da abubuwa suna tafiya: sikirin na haske, hanyoyin da ke kai bayanai tsakanin sassa suna gudu a kan saurin da aka sa musu, kowanne yana shan wuta, alhali babu ko ɗaya da ya shiga ƙidaya, domin direbobinsu sai an ɗora su ɗaya bayan ɗaya. To, a ƙaddara sassa biyu suna kan regileta guda, direban na farko ya iso, ya nemi a kunna, ƙidaya ta zama ɗaya, ya duba ya ga babu aikin yi a yanzu, ya saki, ƙidaya ta koma sifili. Nan take za a ɗauke wuta, bisa cikakkiyar bin ƙa'ida, sashe na biyu kuwa ya mutu yana tsakiyar aiki. Ko kuwa na farkon ya ce bolt 0.9 ya ishe shi, alhali na biyun yana gudu a kan saurin da ke bukatar fiye da haka, sai a sauke masa wuta ba da saninsa ba; kuma tun da tartibin isowar direbobi yakan ɗan sauya daga tashi zuwa tashi, sai na'urar ta tashi yau lafiya gobe ta ƙi. Babu cuta mai cin ran injiniya kamar wannan, domin sashen da zai ba da labarin abin da ya faru sau da yawa shi ne wanda wutarsa ta ɗauke.

Ga kuma wata larura da ke ja ta ɗaya gefen. Manhajar tayarwa ba ta san tattali ba, takan kunna layuka fiye da bukata, kuma idan Linux ya bar duk abin da ya tarar, to regiletar kyamarar da ba a buɗe ba za ta yi ta tsotsar batir dare da rana. Don haka a 2009 Mark Brown ya ƙara wani mataki: idan mai allo ya shaida cewa bayaninsa cikakke ne, to a ƙarshen tashi za a zaga a kashe duk regiletar da ke kunne amma babu wanda ya neme ta. Kariya daga wannan zagaye tana hannun mai rubuta bayanin allo, mai alamomi biyu. Ɗaya tana cewa wannan layi ba a kashe shi faufau. Ɗayar tana cewa an tarar da shi a kunne, idan ma ba a kunne yake ba a kunna shi, amma ba ta hana a kashe shi daga baya. Sau da yawa mai allo yakan ɗauka ta biyun ta fi haka ƙarfi, sai na'ura ta mutu masa ya koma ya sa ta farkon, ya sayi kwanciyar hankalinsa da batirin mai saye.

A wancan zamani zancen ƙarshen tashi yana da ma'ana, domin ana ɗinka direbobi ne a jikin Linux bisa tartibin da mai allo ya tsara da hannunsa. A watan Maris na 2011 Torvalds ya nuna ɓacin ransa a fili game da yadda matanin allunan Arm ya yi yawa ya cakuɗe, sai jama'ar Arm suka koma ga bishiyar na'urori, wata hanyar siffanta allo mai asali daga Open Firmware, wadda aka daɗe ana aiki da ita a na'urorin PowerPC. Bayanin allo ya zama takarda mai zaman kanta, alamomin nan biyu suka zama regulator-always-on da regulator-boot-on, daga baya kuma aka ɗauki duk allon da ya zo da bishiya a matsayin mai cikakken bayani. Tun da yanzu babu mai jerawa da hannu, sai direba ya riƙa riga abin da yake dogara da shi isowa; aisin wuta kansa galibi ta layin I2C ake yi masa magana, layin kuma yana jiran agogonsa, wato abin da ke tsara masa saurin aiki. Grant Likely ya kawo maganin wannan a siga ta 3.4, cikin 2012: direban da bai sami bukatarsa ba sai ya mayar da amsa mai lamba 517, a sa shi a jerin masu jira, a sake kiransa an jima. Dabara ce mai sauƙi da ta kwance babban ƙulli, amma daga ranar babu wanda zai iya nuna wani lokaci ya ce a nan aka gama. Har ma direban da ya kunna regileta, sa'an nan ya tarar agogonsa bai iso ba, yakan saki abin da ya riƙe kafin ya koma jira, kamar yadda ƙa'ida ta hukunta, sakin nan kuwa shi ne zai ɗauke wutar maƙwabcinsa.

An daɗe ana zaune da wannan rauni, domin masu ƙera waya suna ɗinka muhimman direbobinsu a ciki, su gwada, su gyara tartibi har abin ya zauna. Da kwamfutocin cinya masu furosesan Arm suka shigo kasuwa sai raunin ya bayyana, saboda masu rarraba Linux ga jama'a ba za su iya ɗinka direban kowane sikirin a jikinsa ba. Suna ajiye su ne a gefe, a ɗoro wanda ake bukata bayan an gama tashi, lokacin kuwa mai zagaye ya riga ya wuce, ya tarar da layin sikirin babu mai shi, ya kashe. A 2019 Mark Brown ya jinkirta zagayen da daƙiƙa 30, kuma bai ɓoye ba cewa ya yi hakan ne don babu dabarar da ta fi ta a hannu, adadin ma zaɓi ne kawai. Wannan gaskiya tasa abar yabo ce, facin, wato gyaran da ya yi wa matanin, ya amfani mutane masu yawa. Sai dai zato ne aka sa a gurbin yaƙini, domin na'ura mai nawa za ta iya wuce daƙiƙa 30 ba ta ɗoro direbanta ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci, jinkirin yana kare layin da babu wanda ya taɓa ne kawai, ba ya yin komai game da layin tarayya wanda mai sha na farko ya riga ya sauke ko ya saki.

Kamfanonin aisi ba su tsaya jiran ijma'i ba, kowa ya yi ijtihadinsa a gidansa. Qualcomm, a reshen Linux da yake ba masu ƙera waya, ya naɗa wakili, wani mai sha na wucin gadi wanda ke riƙe layin a madadin waɗanda ba su iso ba, sa'an nan ya janye daga baya. Misalin da ya fi bayyana mas'alar kuwa ya fito ne daga aisin Exynos 5800 na Samsung, wanda ke cikin wasu kwamfutocin Chromebook na 2014. A wannan aisi layin furosesa da layin hanyoyin ciki regiletoci biyu ne daban, amma an ɗaure su da sharaɗin kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce milibolt 300, wato tarayya ce ta wata fuska, domin motsin ɗaya yana jan ɗaya. Injiniyoyin Samsung da ke Polan sun koya wa Linux daidaita irin waɗannan tagwayen layuka a wajen 2018. Amma da aka zo aiki da shi sai aka ga direban da ke juya saurin furosesa yana riga direban hanyoyin isowa, ya sauke nasa layin, mai daidaitawa kuma ya duba ɗayan ya ga babu wanda ya nemi komai a kansa, ya sauke shi ma, alhali hanyoyin suna gudu a kan saurin da manhajar tayarwa ta bar su. A 2020 Marek Szyprowski ya rubuta wa wannan aisi mai daidaitawa na musamman, ƙa'idarsa guda: layin da masu shansa ba su yi magana ba tukuna, ba a sauke shi ƙasa da inda aka tarar da shi. A ganina wannan ita ce madaidaiciyar fahimta, cewa shirun wanda bai iso ba ba yarda ba ce, kuma halin da aka tarar shi ne hujja har mai haƙƙi ya zo. Abin takaici shi ne domin aisi guda aka rubuta ta.

Hanyar da ta nemi kama matsalar daga tushe ta faro ne daga wani wuri. A siga ta 4.10, farkon 2017, Rafael Wysocki na Intel ya shigar da igiyoyin dogaro, waɗanda ke ba Linux damar rubuta cewa wannan sashe yana dogara da wancan. Sa'an nan Google ya ƙudura cewa wayoyin Android za su koma kan ƙwaya guda ta bai ɗaya, kowane kamfani ya kawo direbobinsa a ɗora daga baya, wanda ke nufin abin da ya sami kwamfutocin cinya zai sami kowace waya. Saravana Kannan, wanda a lokacin injiniya ne a Google, ya kama cewa amsar tana rubuce tun tuni a cikin bishiyar na'urori, domin a can an faɗi kowane sashe da layin da yake sha. Idan Linux ya karanta ta kafin ya ɗora direbobi, zai san masu haƙƙi a kan kowane aisi da sunayensu. A siga ta 5.5, watan Janairu na 2020, aka karɓi aikinsa, tare da wani kira mai suna sync_state, wanda ake yi wa mai bayarwa sau ɗaya tak, lokacin da na ƙarshen masu dogara da shi ya hallara. Kafin kiran ya riƙe abin da ya tarar, bayansa ya zartar da abin da aka nema.

Wanda ya karanta babin gado a littattafan fiƙihu zai gane wannan hukunci da ganinsa. Idan mutum ya rasu ya bar matarsa da ciki, malaman Malikiyya sun tafi a kan a dakatar da rabo har ta haihu, domin akwai magajin da aka san da zuwansa amma ba ya iya tsayawa ya nemi nasa, kuma bai halatta waɗanda ke nan su rabe don kawai sun riga shi ba. Amma fiƙihun ya san da wanda ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, wanda da za a jira shi ba iyaka da masu haƙƙi sun tagayyara, shi ya sa aka yanka masa wa'adi. Ciki yana da ajalinsa, ɓata kuwa ba shi da ajali, kuma a kan wannan bambanci ne masu Linux suka yi saɓani.

Cikin 2020 Kannan ya gabatar da faci domin sashen regileta ya yi aiki da wannan kira, ta yadda layin da aka tarar a kunne zai tsaya a kunne, ba zai kuma sauka ƙasa da ƙarfinsa na farko ba, har kowa ya iso. Aka sake rubuta facin, aka yi muhawara, amma ba a karɓe shi a babban reshen Linux ba, kuma hujjojin da ke ja da shi ba na wasa ba ne. Bishiyar na'urori tana siffanta abin da ke kan allo ne, ba ta lamunce cewa an rubuta masa direba ba. A allunan da jama'a ke rayawa da kansu abu ne na yau da kullum a sami sashen da babu direbansa sam, ko wanda mai na'ura bai ɗora ba don ba ya bukatarsa, irin wannan kuwa ba zai taɓa hallara ba. Ƙari a kan haka, kiran yana zuwa ne ga aisi ɗungurungum, don haka direba guda da ya ɓace zai iya riƙe dukan layukan aisin. Akwai kuma sassan da ba sa tashi daidai sai an ɗauke musu wuta an mayar, waɗanda idan aka hana su don jiran wani an gyara ɓarna da ɓarna. Idan na auna mafsada da mafsada, ina ganin na'urar da ta sandare ta fi batirin da ya yi saurin ƙarewa muni, domin na biyun ana iya aunawa a gano a gyara, na farkon kuwa ba ya barin shaida; amma na fahimci uzurin wanda aka ba amanar ɗaruruwan alluna masu aiki lafiya a yau, idan ya yi jinkirin sauya musu hali gaba ɗaya.

Inda hanyar ta sami karɓuwa shi ne a maƙwabta. Sashen da ke raba faɗin hanyoyin bayanai a cikin aisi ya ɗauki sync_state a ƙarshen 2020. Dmitry Osipenko kuma, wanda ya yi shekaru yana raya tsofaffin na'urori masu aisin Tegra na Nvidia irin su Nexus 7 na 2012, ya ɗaura jiran a 2021 a kan yankin wutar tsakiyar aisi, ya hana a sauke ƙarfin wannan layi har direbobin yankin su cika. Shi kansa Kannan ya dawo ga mas'alar wanda ya ɓace a 2023, ya ƙara zaɓi a cikin umarnin da ake ba Linux lokacin tashi, ko a jira ba iyaka ko a yanke jira bayan wa'adi, sai dai yanzu Linux yana iya faɗin sunan wanda ake jira. A sashen regileta kuwa, abin da aka ƙara wa jinkirin daƙiƙa 30 a siga ta 6.8, cikin 2024, ta hannun Javier Martinez Canillas na Red Hat, shi ne umarnin regulator_ignore_unused, ɗan'uwan wanda sashen agogo ya daɗe da shi, mai hana zagayen kashe wuta gaba ɗaya. Amfaninsa yana wajen mai neman cuta: idan sabon allo yana mutuwa rabin minti bayan tashi, sai ya sa umarnin, in mutuwar ta daina ya san akwai layin da bayanin allo ya manta da mai shansa, ya koma bishiya ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ya gano shi.